Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Bangon Aji: Ciyawar Da Ke Shanye Ƙara

Idan mutum ya baro Kano bayan sallar asuba, ya bi ta Gezawa da Gujungu, kafin hantsi ya dubi ludayi yana Haɗeja. Haka muka yi a hutun ƙarshen zangon farko, mu goma sha huɗu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, tare da malaminmu na Fiziks da malamarmu ta Bayoloji. Hunturu ya riga ya kama, hazo ya rufe gabas, gonakin gefen titi duk an girbe su, sai tarin karan dawa da na gero a tsattsaye kamar bukkoki. A wasu gonakin an cinna wa sauran karan wuta, hayaƙi na tsallake titi. Ba mu daɗe a cikin gari ba. Mun dai leƙa kasuwar kifi, inda ƙamshin bandar tarwaɗa ke tarar mutum tun daga nesa, muka sayi ƙosai da burodi, sannan muka kama hanyar Kirikasamma da Guri, inda ruwa ke fara bayyana a hagu da dama.

Nan ne bakin fadamar da ake kira Haɗeja-Nguru. Kogin Haɗeja, wanda ke samun ruwansa daga kogin Kano da na Calawa, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Filato, idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi sai su rarrabu, su zama ƙoramu da tafkuna da fadamu. Ruwan da ya saura shi ke haɗuwa a wajen Gashuwa, ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani duk suna cin abinci a nan: wannan na su, wancan na noman shinkafa, wani na kiwo. Tsuntsaye ma tun daga Turai suke tasowa su yi hunturu a wurin. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma shi ne wuri na farko da Najeriya ta samu a jerin.

Mu kuwa ba kallon tsuntsaye ya kai mu ba. Matsalar ajinmu ce ta kai mu, kuma mun san yawancinku kun san irinta. Bango na bulo an shafe shi da siminti, daɓe na siminti, rufi na kwano babu silin. Malam na gaban allo yana magana, na layin farko suna ji, na tsakiya suna jin rabi, na baya kuwa gunaguni kawai ke isa gare su, kamar ana magana a cikin tulu. Idan benci ɗaya ya motsa sai ka ce goma aka ja. Ana yawan cewa 'yan bencin baya ba su da ƙoƙari. Wasunsu wasa ne ya yi musu yawa, gaskiya ne, amma akwai waɗanda tun daga aji ɗaya ba su taɓa jin cikakkiyar jimla daga bakin malami ba. Malaminmu ne ya ce maganin wannan matsala yana nan yana tsirowa a wata fadama, mutanen wurin ma neman kai suke da shi.

A wani ƙauye na bakin ruwa muka ɗauki kwalekwale uku. Wanda ya tuƙa namu dattijo ne, masunci, yana tura jirgin da doguwar gora. Da farko a buɗaɗɗen ruwa muke, muna jiyo hirar 'yan jirgin baya tar kamar a gefenmu suke, har da kukan shanu daga can tsallake. Can sai muka kutsa wata siririyar hanya tsakanin ciyawa. Ciyawar ta fi kowannenmu tsawo nesa ba kusa ba, wata ta kai mita uku, ganyenta dogaye masu kama da takobi, a kan wasu akwai zangarniya ruwan ƙasa mai kama da ta gero. Ba mu yi nisa ba sai duk wani amo ya ɗauke. Wani daga cikinmu ya ƙwala wa 'yan baya kira, muryar ta fita ta mutu nan take, ko amsa-kuwwa babu. Muka yi shiru muna kallon juna. Malam bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi.

Wannan ita ce kachala, wadda masana tsirrai ke kira Typha domingensis.

Muka tambayi mai jirgin, "Baba, dama haka wurin nan yake?"

Ya ce, "Ina fa, 'ya'yana. Nan da muke bi da kyar, da ƙuruciyata fili ne fetal, muna jefa birgi. Can inda kuke hango zangarniyar nan gonar shinkafar mahaifina ce. Yanzu ko akuya ba ta shiga."

Bayanin yadda aka yi haka ba boyayye ba ne. A da, kogin kan cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma ya janye, wurare da yawa su bushe ƙurmus. Kachala ba ta jure doguwar bushewa, don haka ba ta samun wurin zama. Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sauya: babbar ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani domin noman rani da ruwan sha. Madatsun sun amfani jama'a masu yawa, shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa shaida ne. Amma ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachala ta fi so a duniya. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana kuma yaɗuwa ta iri, domin zangarniya ɗaya na ɗauke da 'ya'ya dubun dubata masu gashi kamar auduga, iska na kwasar su. Inda ta kafu sai ta tare laka, hanya ta toshe, ruwa ya juya ya mamaye gonar wani, ya bar ta wani a bushe. Tsuntsayen jan-baki su sami wurin kwana su riƙa far wa hatsi. Sauro ya sami gida, haka ma katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Baba ya nuna mana inda matasan ƙauyen suka yi gayya suka buɗe hanya da adda da lauje. Ganyen da suka yanke na nan jibge a bakin ruwa, tsibi-tsibi, ana jira ya bushe a ƙone. Ya ce idan za a yanke ta, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin idan aka bar kututturen a waje, kafin wata ya zagayo ta dawo.

A nan malamarmu ta Bayoloji ta karɓi zancen. Ta sa aka miƙo mata ganye ɗaya, ta yanka shi a gicciye da reza, ta ba mu gilashin ƙara girma muka riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin ganyen ba a cike yake ba. Ɗakuna ne ƙanana a jere, tsakaninsu da sirarun bangaye, kowane ɗaki cike da wani farin abu mai kama da soso. Idan ka matsa shi da yatsa sai ya lotsa ya dawo. Ta ce saiwar kachala na zaune ne a cikin laka inda babu iska, don haka ta waɗannan ramuka take shaƙo iska daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa maganar Baba ta yi daidai da ta littafi: idan ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ka toshe mata hanci ne, sai saiwar ta shaƙe. Sannan ta miƙa wa malamin Fiziks guntun ganyen ta ce, "Malam, ga naka. Ramukan da take numfashi da su, su ne kake nema."

A gindin wata tsamiya muka zauna bayan azahar ya yi mana bayanin. Sauti karkarwa ce ta iska. Idan ka yi magana, iskar bakinka na ture ta gabanta, ita ma ta ture ta gaba, haka har kunnen mai sauraro, da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan wannan igiyar ta ci karo da abu mai tauri da santsi, kamar bangon siminti, kusan dukkanta take dawowa. Abin da irin wannan bango ke shanyewa bai fi kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. A cikin aji kuwa bango huɗu ne, ga daɓe ga rufi, sai sautin ya yi ta kai-kawo tsakaninsu kafin ya mutu. Kalmar farko ba ta gama mutuwa ba ta biyu ta hau kanta, ta uku ta hau kan ta biyu. Malam ya sa wa wannan abu suna jelar amo. Wanda ke kusa da mai magana yana samun sautin kai tsaye da ƙarfinsa, don haka jelar ba ta dame shi ba. Na baya kuwa jelar ce ta fi yawa a abin da ke isa kunnensa.

Amma idan igiyar ta faɗa kan abu mai ƙananan ramuka masu haɗe da juna, sai iskar ta kutsa ciki tana gogar bangayen ramukan. Gogayya na haifar da zafi, kamar yadda kake ji idan ka murza tafin hannunka da sanyin safiya. Ƙarfin sautin sai ya koma ɗan zafin da ko ma'auni da wuya ya gane shi, abin da zai dawo cikin ɗaki ya ragu. Abin da ya faru da muryarmu a cikin kachala ke nan: babu bango mai dawo da ita, sai dubban ganyaye masu warwatsa ta suna rage mata ƙarfi.

Wanda ya fara auna wannan abu da lissafi wani matashin malamin Fiziks ne a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani sabon ɗakin lacca da ba a gane abin da ake faɗa a cikinsa, domin kalma kan yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo kafin ta ɓace. Ba shi da na'urar zamani ko ɗaya. Bututun busa yake da shi, da agogon auna daƙiƙa, da kunnensa. Cikin dare, idan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sai su kwaso matasan kujeru daga wani zauren jami'ar da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa, ya auna, su ƙara wasu, ya sake aunawa, kafin gari ya waye su mayar. Daga wannan jigila ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, kuma da ita aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Labarin ya burge mu ne saboda kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ƙungiyarmu ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma a ƙasa Malam ya rubuta ta da tsinke. Tsawon jelar amo a daƙiƙa shi ne 0.161 sau girman cikin ɗaki, a raba da jimlar abin da ke shanye sauti a ɗakin. Ana auna abin da ke shanyewa ne da buɗaɗɗiyar taga, domin sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa: taga mai murabba'in mita ɗaya tana da maki ɗaya, allo mai girmanta da ke shanye rabi yana da rabin maki. Ku ɗauki biro ku bi mu. A ce aji na da tsawon mita 9, faɗin mita 7, tsayin mita 3. Girman cikinsa 189 ke nan, idan aka ninka da 0.161 a sami kusan 30. Bango da daɓe da rufi gaba ɗaya ba za su ba da fiye da maki 6 ba. Tagogi da ƙofa a buɗe, a ce maki 10. Mutum ma yana shanye sauti da jikinsa da tufafinsa, kowane ɗalibi kusan kashi ɗaya bisa uku na maki, ɗalibai 60 su ba da 20. Jimla 36. Raba 30 da 36, jelar ta haura daƙiƙa 0.8. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a jagorar da ta fitar a 1999 kan hayaniya, ta ce a aji jelar ta tsaya a wajen daƙiƙa 0.6, hayaniyar da ke shigowa kuma kada ta wuce desibel 35. Yanzu ku rufe tagogin, kamar yadda kowa ke yi idan iskar hunturu ta taso. Maki 10 sun tafi, saura 26, jelar ta wuce daƙiƙa ɗaya. Da muka ga wannan sai wata a cikinmu ta ce ashe shi ya sa darasin watan Janairu ya fi wuyar shiga kai.

Domin a sauko zuwa 0.6 ana buƙatar maki kusan 50. Idan tagogi na buɗe, gibin maki 14 ko 15 ne. Allon da ke shanye rabin sautin da ya faɗa masa, murabba'in mita 30 nasa zai cike gibin, wato bangon baya gaba ɗaya da wani sashe na sama. Ba aikin miliyoyi ba ne, idan kayan na kusa.

Wasu sun riga mu gane amfanin wannan ciyawa. A Jamus, masu binciken kayan gini na cibiyar Fraunhofer sun haɗa kai da wani kamfani suka yi allunan gini daga ganyen kachala da aka tsaga aka manne da wani sinadarin ma'adini, har aka yi amfani da su wajen gyaran wani tsohon gida a birnin Nuremberg. Su can nomanta ake son yi da gangan, abin da ya sa Baba dariya har da riƙe ciki da muka gaya masa. A kwarin kogin Sanigal kuwa labarinsu kamar namu ne: bayan an gama madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa daga teku, kachala ta mamaye bakin kogin. Yanzu a Sanigal da Muritaniya ana yin gawayi da ita, ana kuma cuɗa ta da laka a yi tubali da rufi masu hana zafi shiga ɗaki. Tun kafin su ma, a shekarun 1920, wani kamfani a jihar Louisiana ta Amurka ya fara matse tukar rake, wato abin da ke saura bayan an tatse ruwan, yana yin allunan silin. Sunan kamfanin Celotex, kuma idan kuka tambayi tsofaffin kafintoci za ku ji har yau da wannan suna suke kiran wani irin silin mai laushi.

Kakanninmu ma ba su jira kowa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin jinka ya san ruwan sama ba ya hana hira a ciki, kuma zauren da aka kewaye da zana ko aka rataya wa asabari ba ya amsa murya. Da kwano ya zo mun sami rufin da ba ya yoyo kuma wuta ba ta cinye shi dare ɗaya, ba kuwa ƙaramin ci gaba ba ne. Shirun ne muka bari a baya ba tare da mun lura ba.

Muka cika buhu shida da busasshiyar kachala daga tsibin da za a ƙone. Baba ya ƙi karɓar ko kwabo a kanta, kuɗin jirgi kawai ya amsa. Ya ce, "Malam, in kuna so ku turo tirela." A hanyar dawowa muka tsaya a wani injin casar shinkafa a bakin Haɗeja, inda buntu ya taru ya yi tudu yana cin wuta a hankali ta ciki, muka ɗebi buhu biyu. Direbanmu ya yi ta mita, wai an mai da motarsa ta 'yan ciyawa.

Aikin haɗawa a makaranta muka yi shi da aka dawo hutu. Kafinta ya buga mana firam na katako, kowanne faɗin kamu ɗaya da ɗoriya, zurfin santimita biyar. Muka yayyanka ganyen gajeru-gajeru kamar tsawon ɗan yatsa, muka tsattsaga shi domin farin soson ya fito fili, saboda bayan ganyen santsi gare shi, ramukan a ciki suke. Abin mannewa iri biyu muka gwada: sitacin rogo da aka dama, da ƙaro, wanda Jigawa da Yobe ke da shi da yawa. A nan ne gwaninta take. Idan abin mannewa ya yi yawa sai ya cike ramukan, allon ya fito da kyan gani da tauri amma ba ya shanye komai. Idan ya yi kaɗan sai ya ruguje a hannu. Haka ma dannewa: a danne shi ya kama jikinsa, kada a matse shi ya zama katako. Malam ya koya mana gwaji mai sauƙi. Ka kafa bakinka a jikin allon ka hura. Idan iska ta wuce da ɗan ƙyar, ya yi. Idan ta ƙi wucewa sam, ko ta wuce fuu kamar babu komai, bai yi ba. Da wannan gwajin za ku gane dalilin da ya sa farin kumfan da ake naɗo talabijin a ciki ba ya shanye sauti duk da rashin nauyinsa: ramukansa a rufe suke, kowanne zaman kansa yake. Kwalin ƙwai ma da ake mannawa a bangon wasu ɗakunan ɗaukar waƙa, amfaninsa kaɗan ne, ya yi siriri da yawa. Fentin mai kuwa kada ya kusanci allon, domin rufe masa fuska zai yi. Da buhun algarara ko yadi marar kauri ake lulluɓe shi.

Buntun shinkafa ya fi taurin kai. Ba ya son manne, don haka muka ɗura shi a cikin jakunkunan yadi muka ɗinke su layi-layi kamar katifa, muka sa a firam.

Bayan mako biyu a inuwa allunan suka bushe. A wani ƙaramin sito da babu komai a ciki muka gwada su. Kafin mu shigar da su, idan aka tafa sai tafin ya yi ta ringing a kunne kamar an bugi kwano. Da muka jingina goma sha biyu a bango, tafin ya koma gajere, tas, ya ɗauke. Muka sa mutum ɗaya a lungu yana karanta kalmomi masu kama da juna, irin su sata da shata, kaya da ƙaya, sauran suna rubutawa sun juya masa baya. Da allunan a ciki gardama ta ragu ƙwarai. Da muka matsar da su kamar faɗin tafin hannu daga bango, muryoyin maza masu kauri ma suka ƙara fita sarai, domin iskar da ke bayan allo tana yi masa aikin ƙarin kauri.

Sai aka tayar da janareta a bayan ofis, gurnaninsa ya shigo sito kamar ba mu sa komai ba.

Dalili biyu ne, kuma duk mai son yin wannan aiki ya riƙe su kafin wani ya sayar masa da abin da ba zai yi ba. Na farko, sauti mai kauri doguwar igiya gare shi. Wanda ke karkarwa sau 1,000 a daƙiƙa tsawon igiyarsa kusan santimita 34 ne, amma mai karkarwa sau 100 tasa ta kai mita 3.4, allo mai santimita biyar bai isa ya kama ta ba. Na biyu, shanye sautin cikin ɗaki daban, tare na waje daban. Abin da ke tare sauti shi ne nauyi da rashin kafa: katangar laka mai kauri, ƙofar da ke rufuwa ruf. Allon kachala marar nauyi ne, kuma iska na ratsa shi. Zai sa na bencin baya ya ji malaminsa, amma ba zai hana shi jin injin markaɗen maƙwabta ba. Maganin janareta shi ne a matsar da shi nesa da azuzuwa ko a gina masa ɗaki.

Sauran abokan gaba uku ne: wuta, gara da danshi. Busasshiyar ciyawa a bangon ɗakin da yara sittin ke zaune ba abin wasa ba ce, kuma a ganinmu duk wanda ya tsallake wannan mataki gara ya bar bangonsa yadda yake. Ana jiƙa ganyen a ruwan sinadarin boraks kafin a haɗa, yana rage saurin kama wuta, ƙwari ma ba sa son sa. Malam ya kai mu tsakiyar fili da bokitin ruwa a gefe, ya kanga ashana a guntun da aka jiƙa da wanda ba a jiƙa ba. Na biyun ya tashi nan da nan, na farkon ya yi baƙi yana hayaƙi, da aka janye ashanar ya mutu. Duk da haka ba a rataya allo kusa da wayar lantarki, ba a kuma bari ya taɓa ƙasa, saboda gara. Sitaci kuwa abinci ne, idan ya sha danshi fumfuna za ta kama shi, kyankyasai su biyo baya.

Shugaban makaranta ya ba mu izinin rataya takwas a bangon bayan aji ɗaya, huɗu na sitaci, huɗu na ƙaro, sama da inda hannu ke kaiwa. Mun rubuta lamba da nauyin kowanne a bayansa. Duk ranar Juma'a mutum biyu za su sauke su su ɗora a sikelin ɗakin gwaje-gwaje, su duba ko akwai tabo ko wari, su shigar a littafi, daga yanzu har ƙarshen watan Agusta, lokacin da damina ta fi nauyi. Na buntun suna sito tukuna, domin ɓera ya riga ya huda jaka ɗaya, muna neman ragar waya da za mu sa musu.